Na San Kalmomin, Amma Ina Faɗin Abin da Ban Nufa Ba

Wata mai karatu ta aiko da wannan wasiƙa: "Assalamu alaikum. Na fara aiki a wurin da ake magana da Turanci daga safe har yamma. Aikin kansa bai gagare ni ba, rahoto da lissafi duk ina yin su daidai. Matsalata ita ce idan aka zo maganar abin da ke raina. Rannan a wurin taro na so in ce zaman ya gundure ni, sai na ce wa wadda ke kusa da ni 'I am boring', ta yi dariya har da riƙe baki. Mahaifin wani abokin aikinmu ya rasu, na rubuta masa 'I feel sorry for you', daga baya aka ce mini maganar ba ta yi daɗi ba. Shugabarmu ta yaba mini a gaban mutane, na ce mata 'I am ashamed', sai ta tambaye ni ko wani laifi na yi. Yanzu duk wanda ya tambaye ni yadda nake, 'fine' kawai nake cewa, har an fara cewa ba ni da sakin fuska. Na haddace kalmomi da yawa, amma tsoron amfani da su nake yi. Yaya zan yi?"

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, ba a kanki farau ba, kuma kurakuran nan uku da kika lissafa ba alamar ƙarancin sani ba ne, domin a kowannensu kin ɗauko kalma daga dangin da ya dace, sai dai kin ɗauko 'yar'uwarta maimakon ita kanta. Saboda haka ƙarin hadda ba zai warkar da wannan ciwo ba. Abin da kike buƙata shi ne ki gane cewa Hausa da Turanci ba su gina maganar zuci iri ɗaya, sannan ki daina koyon kalma ita kaɗai, ki riƙa koyonta a cikin jimlar da take rayuwa.

Ki duba yadda muke magana. Mukan ce "na ji haushi", "na ji kunya", "na ji daɗi", wato mu ɗauki abin da ke rai a matsayin suna mu haɗa shi da "ji". Ko kuma mu mayar da shi mai aikatawa, mu ce "tsoro ya kama ni", "takaici ya ishe ni". Wani lokaci ma wani sashe na jiki ne yake ɗaukar nauyin, kamar "raina ya ɓaci", "gabana ya faɗi", "hankalina ya tashi". Turanci kuwa a mafi yawan lokuta siffanta mutumin yake yi kai tsaye, ya ce "I am" ko "I feel" sannan ya kawo siffa: "I am angry", "I feel sad". Wanda ya ɗauki ginin Hausa ya zuba masa kalmomin Turanci shi ne zai ce "I am fear" ko "fear caught me", alhali abin da ake faɗi shi ne "I am afraid" ko "I got scared". Kuma da yake "ji" ɗinmu ya haɗa na kunne da na jiki da na zuciya, ki kiyaye kada "hear" ya shigo inda "feel" ya kamata ya zauna.

Kuskurenki na farko shi ne mafi sauƙin gyara, domin yana da ƙa'ida da ba ta cika saɓawa ba. Akwai siffofi masu yawa da suke zuwa tagwaye, ɗaya da ɗafa-ƙeyar "ed", ɗaya da "ing". Mai "ed" ta wanda ke jin abin ce, mai "ing" kuwa ta abin da ya haddasa jin ce. Taron da ya gundure ki shi ne "boring", ke da aka gundura ke ce "bored", don haka cikakkiyar maganar ita ce "The meeting was boring, so I was bored." Da kika ce "I am boring", abin da abokiyar zamanki ta ji shi ne kina shaida mata cewa ke mutum ce mai gundurar jama'a, kuma irin wannan iƙirari a tsakiyar taro dole ya ba da dariya. Haka abin yake da "confused" da "confusing": idan bayani ya rikita ki, "I am confused" za ki ce, ki bar "confusing" ga bayanin. Wanda ya je neman aiki ya ce "I am very interesting" ya yabi kansa ne, bai nuna sha'awar aikin ba, domin sha'awar aikin ita ce "I am very interested in this job." Kafin ki furta irin waɗannan kalmomi, ki yi wa kanki tambaya guda: ni ke ji, ko ni ke jawowa? Wasu kaɗan sun kauce wa tsarin a ɓangaren mai jawowa, kamar "scared" da abokiyarta "scary", da "stressed" da abokiyarta "stressful", amma rabon aikin bai canza ba. Sai kuma lafazi, wanda ake yawan mantawa da shi: "bored" gaɓa ɗaya ce kuma dole a ji ƙarar "d" a ƙarshenta, amma a "excited" da "disappointed" da "interested" ƙarshen gaɓa ce mai zaman kanta, saboda harafin "t" da ya gabace ta.

Maganar kunya ta fi wannan zurfi, kuma a nan nake so ki fi tsayawa. Kalmarmu ɗaya ce, amma tana ɗauke da abubuwa da dama: kunyar wanda aka kama da laifi, da kunyar wanda ya yi tuntuɓe a gaban mutane, da kunyar yaron da ba ya iya ɗaga kai a gaban baƙi, da kuma kunyar girmamawa wadda muke yabon mutum da ita. Turanci ya raba waɗannan gida-gida. "Ashamed" ita ce mafi nauyi, kuma kusan kullum tana nufin mutum ya aikata abin da yake ganin bai dace ba, lamirinsa yana damunsa, kamar a ce "I am ashamed of the way I spoke to her." Shi ya sa shugabarki ta tambaye ki ko laifi kika yi, daga abin da kika faɗa, tambayarta tana kan hanya. "Embarrassed" ita ce kunyar ɗan lokaci, wadda ba sai da laifi ba, irin wadda ke kama mutum idan ya manta sunan wanda ya gaishe shi, ko wayarsa ta yi ƙara a tsakiyar taro, ko aka yabe shi idanu suka dawo kansa. "Shy" kuwa hali ce, ba abin da ya faru yau ba, don haka "I am a shy person" na nufin ke mai jin nauyin mutane ce tun asali. Kunyar girmamawa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita, kuma idan kika ce "I am ashamed of my teacher" da nufin kina jin nauyinsa, kin faɗi akasin nufinki, domin an ji cewa malamin abin kunya ne a wurinki. A nan "respect" ce za ta fitar da ke: "I have a lot of respect for him."

To me ya kamata ki ce da aka yaba miki? A ganina ba sai kin ambaci kunyar ba sam. "Thank you, that is very kind of you" ta wadatar, kuma idan kina so ki raba yabon da abokan aiki, ki ƙara da "The whole team worked hard." Mai jin Turanci ba ya ɗaukar karɓar yabo da godiya a matsayin girman kai, hasali ma yawan kaucewa ne yake sa shi tunanin ko akwai wata matsala.

Saƙon ta'aziyyar shi ne na san ya fi ci miki rai, tunda ya taɓa mutum a lokacin da yake cikin rauni. Kalmar "sorry" tana sauya fuska gwargwadon abin da ya biyo bayanta. "I feel sorry for you" tausayi ne, amma tausayin wanda ke kallo daga sama, har akan faɗe ta da gatse a lokacin faɗa, kamar yadda mu ma mukan ce wa mutum "kai dai abin tausayi ne". Abin da ake faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa shi ne "I am so sorry for your loss" ko "I am very sorry to hear about your father", a rubutu na hukuma kuma "Please accept my condolences." Bambancin kalma biyu ne ko uku, amma ɗaya tana tsayawa kusa da mutum, ɗaya tana nuna shi da yatsa. Shawarata ita ce ki same shi ku biyu, ko ki tura masa gajeren saƙo, ki ce: "I don't think my message came out the way I meant it. I am truly sorry for your loss." Kada ki tsawaita bayani a kan Turancinki, domin lokacin nasa ne, ba na uzurinki ba. Mafi yawan mutane sun san niyya idan sun gan ta, kuma akwai yiwuwar shi bai riƙe abin kamar yadda kika riƙe shi ba.

Tunda muna kan "sorry", ki lura cewa ba kullum take maye gurbin "sannu" ba. Idan wani ya yi tuntuɓe ko abu ya faɗi daga hannunsa kika ce "sorry", mutumin Ingila ko Amurka yana iya amsa miki da "It's not your fault", saboda ya ɗauka haƙuri kike ba shi a kan laifin da ba naki ba. "Are you all right?" ita ce ke yin aikin sannu a irin wannan wuri. Haka nan idan kika ji an ce "I'm afraid I can't come tomorrow", babu tsoro a ciki ko kaɗan, hanya ce ta sassauta labarin da ba a so a ji.

Bayan zaɓen kalma sai auna nauyinta, kuma ɓacin rai ne fagen da rashin awo ya fi yin ɓarna a wurin aiki. "Annoyed" da "irritated" haushi ne ƙarami, na wanda aka sa shi jira ko aka katse masa magana. "Angry" fushi ne sosai, "furious" kuwa fushin da ya kai maƙura. A tsakani akwai kalmomi biyu da nake ganin sun fi kowace amfani ga ma'aikaci. Ta farko "upset", wadda ta haɗa ɓacin rai da jin ciwo ba tare da zargin kowa kai tsaye ba, kamar "I was upset by what happened yesterday." Ta biyu "frustrated", wato takaicin wanda yake ƙoƙari abu ya ƙi tafiya, kamar "I am frustrated because the system keeps failing." Wannan ta biyun tana ba ki damar nuna damuwa ba tare da kin ɗora wa wani laifi ba. Ki yi hattara da "disappointed", domin a ido tana kama da kalma mai laushi, amma "I am disappointed in you" magana ce da iyaye ke faɗa wa 'ya'ya, shugaba ke faɗa wa na ƙasa da shi, kuma takan fi "angry" zafi, idan sakamako ne bai yi miki daɗi ba, ki jingina ta ga sakamakon, ki ce "I am disappointed with the result." Ita ma "mad" tana da fuska biyu, a Amurka yawanci fushi take nufi, a Ingila kuwa ta fi karkata ga hauka, don haka gara ki bar ta sai kin san da wa kike magana.

Wajen ƙarfafa magana akwai tarko biyu. Siffofin da suka riga suka kai ƙarshe, irin su "furious" da "terrified" da "delighted" da "exhausted", ba a sa musu "very", sai dai "absolutely" ko "really". Sannan "too" ba ta nufin "sosai", tana nufin abu ya wuce kima har ya zama matsala. Wanda ya ce "I am too happy" yana nufin murna ta cika shi, amma abin da ya dace shi ne "I am so happy". Wurin "too" shi ne irin "I am too tired to drive", inda gajiyar ta hana wani abu.

Kowace siffa kuma tana da 'yar ƙaramar kalmar da ke raka ta, kuma waɗannan ba a gano su da hankali, sai dai a koye su tare: "afraid of", "proud of", "worried about", "interested in", "pleased with", "angry with" idan mutum ne, "angry about" idan al'amari ne.

Damuwa ma ta rabu. "Nervous" ita ce faɗuwar gaba kafin jarrabawa ko kafin tsayawa a gaban jama'a, kuma ba ta da alaƙa da fushi. "Worried" tunanin abin da ka iya faruwa ne, "concerned" kuwa 'yar'uwarta ce mai natsuwa, wadda ta fi dacewa da wasiƙar ofis. Wadda nake roƙon ki da ki yi taka-tsantsan da ita ita ce "depressed". Mutane kan faɗe ta da wasa, amma a asali sunan ciwo ne da likitoci ke dubawa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bayaninta na 2023 yana damun kimanin mutum miliyan 280 a duniya. Idan ranki ne kawai ba daɗi yau, "I am feeling a bit down" ko "I am a bit sad today" sun fi dacewa, kuma ba za su tayar da hankalin mai sauraro fiye da yadda kike nufi ba.

Ba ki tambaya a kan "so" ba, amma gara in faɗa miki tun kafin ta kai ki inda ba ki shirya ba. Kalmarmu ta haɗa "want" da "like" da "love". Idan shugaba yana neman ki, "The manager wants to see you" ake cewa. Idan abokin aiki yana burge ki da halinsa, "I enjoy working with you" ta fi aminci, domin "I like you" tsakanin mace da namiji tana iya ɗaukar wata ma'ana, "I love you" ta masoya da iyali ce, "I want you" kuwa ki nisance ta gaba ɗaya a wurin aiki. Abin mamaki shi ne ga abubuwa "love" ba ta da wannan nauyi, kowa na cewa "I love this idea." Haka "I'm so jealous!" da za ki ji abokiya ta faɗa idan kin ce za ki tafi hutu, ba hassada ba ce, taya murna ce cikin raha. "I am proud of you" kuma alfahari ne mai kyau. Mai girman kai "arrogant" ake ce masa.

Game da "fine" da kika maƙale mata, ba kuskure ba ce. "How are you?" gaisuwa ce, ba bincike ba, kamar yadda ba a tsammanin wanda aka ce wa "ina kwana" ya zayyano yadda ya kwana. Abin da ke sa a ga kamar kin ɗaure fuska shi ne tsayawa a kan kalma ɗaya ba tare da mayar da tambayar ba. "Fine, thanks. And you?" ta riga ta gyara rabin matsalar. Idan kuma kika ƙara ɗan abu kaɗan na gaskiya, kamar "A bit tired, but fine" ko "Pretty good, I'm excited about the new project", kin buɗe ƙofar hira ba tare da kin tona cikinki ba.

Dangane da yadda za ki tsara koyon, ki rage yawa ki ƙara zurfi. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Paul Ekman, wanda ya yi bincike a ƙarshen shekarun 1960 har a ƙasar Papua New Guinea, ya kawo ra'ayin cewa akwai ji guda 6 da fuskar mutum ke nunawa a ko'ina: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. Masana suna ta muhawara a kan ra'ayin har yau, amma ga mai koyon harshe rabon yana da amfani. Ki ɗauki kowane ɗaya ki nemo masa kalma uku, mai sauƙi da matsakaiciya da mai tsanani, kamar "nervous" da "scared" da "terrified" a ɓangaren tsoro, ko "pleased" da "happy" da "delighted" a ɓangaren farin ciki. Kalmomi 18 ke nan, kuma wadda ta iya su da kyau, da abin da ke raka kowace da inda ake faɗinta, ta fi wadda ta haddace ɗari a jere.

Ƙamus ɗin Turanci zuwa Hausa zai ba ki ma'ana, amma sau da yawa ba zai nuna miki jimla ba. Ki haɗa da ƙamus ɗin masu koyo, wanda ke bayanin Turanci da Turanci mai sauƙi. Irin wannan ƙamus na Oxford, wanda ya fito a 1948, aikin A. S. Hornby ne, malamin da ya koyar da Turanci a Japan ya ga cewa ɗalibansa sun san ma'anar kalmomi amma ba su san yadda ake jera su ba, wato irin matsalarki. Shi da na Cambridge da na Longman duk ana samun su kyauta a intanet, har da muryar da ke furta kalmar. Idan kin buɗe, kada ki tsaya a ma'ana, ki gangara zuwa misalan ki kwafi jimla guda sukutum, sannan ki canza ta ta dace da ranarki. Kowane dare ki rubuta jimla uku a kan abin da kika ji a yinin, kowace da dalilinta, misali "I was nervous before the meeting because I had to speak first", ki karanta su da ƙarfi domin harshe ya saba. Sannan ki zaɓi mutum ɗaya a wurin aikin wanda kika yarda da shi, wataƙila ma wadda ta yi dariyar nan idan dariyarta ba ta mugunta ba ce, ki ce mata: "If I use a word the wrong way, please tell me afterwards." Kalmar "afterwards" tana da muhimmanci a wannan roƙo, domin gyaran da aka yi miki a keɓe bayan an tashi zai zauna, wanda aka yi a gaban jama'a kuwa zai ƙara rufe miki baki ne kawai.